Gurbi da Ciko: Sharhi a kan Bayanin Kernighan da Ritchie Game da Miƙa Bayani ga Fankishin

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi nazarin yadda Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka bayyana dangantakar farameta da agumen a littafinsu na harshen C, wanda ya fito a shekarar 1978, aka kuma sabunta shi a 1988. Mun zaɓi littafin ne domin tsarin bayaninsa ya zama abin koyi ga littattafan koyarwa da dama. Fankishin dai rukunin umarni ne mai suna, wanda ake kira ya yi wani aiki. Don sauƙin fahimta, za mu kira farameta da sunan “gurbi”, watau sunan da aka tanada lokacin rubuta fankishin, agumen kuma “ciko”, watau abin da ake sa wa a gurbin lokacin kiransa.

2.0 Inda Littafin Ya Yi Fice

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne rarrabe kalmomin nan biyu a bugu na biyu, inda marubutan suka keɓe kowace da ma'anarta. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin ɗalibin da bai bambance gurbi da ciko ba zai ɗauka cewa sunan da ke cikin fankishin da wanda ke wajensa abu ɗaya ne.

Na biyu, sun tsaya a kan ƙa'ida guda: a harshen C kwafin ciko ake bai wa fankishin, ba ainihinsa ba. Sun tabbatar da haka da misalin fankishin mai musanya lambobi biyu. Idan aka miƙa masa 3 da 7, zai musanya su a cikin gurabensa, amma da ya gama aiki sai a tarar na waje suna nan yadda suke. Maganin da suka kawo shi ne a miƙa adireshin inda lambobin suke a ma'adanar kwamfuta. Hikimar misalin ita ce mai karatu yana ganin kuskure kafin a nuna masa gyara.

3.0 Inda Muke da Ja

Jayayyarmu ta farko ta shafi jeri. Marubutan sun nuna cewa idan ciko jeri ne, ba a kwafe shi, adireshin farkonsa ake miƙawa. Maganar gaskiya ce, sai dai an kawo ta tun a babi na ɗaya, alhali cikakken bayanin adireshi sai a babi na biyar. Saboda haka mai koyo yakan ɗauka cewa ƙa'ida biyu ce, ta lamba daban, ta jeri daban. A haƙiƙa kuwa ƙa'idar ɗaya ce, domin adireshin ma kwafinsa aka bayar.

Ta biyu, littafin ya kwatanta C da Fortran da Pascal, inda fankishin ke iya taɓa ainihin ciko, kamar yadda kalmar var take ba da dama a Pascal. Kwatancin ya dace da bukatarsu. Illar ta zo ne daga masu koyarwa da suka mai da shi dokar dukkan harsuna, suna cewa hanya biyu ce kawai: ko kwafi ko ainihi. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Algol 60 yana da hanyar miƙawa da suna, inda ake sake lissafa ciko duk lokacin da aka ambaci gurbinsa. Haka kuma a shekarun 1970 Barbara Liskov ta bayyana wata hanya a harshen CLU, wadda za mu kira tarayya.

Wannan hanya ta tarayya ita ce Python yake bi. A dubi waɗannan:

def saka(j): j.append(5)

def sauya(j): j = [5]

Idan jerin a yana ɗauke da 1 da 2, kiran saka(a) zai mai da shi 1, 2, 5, domin a da j sunaye biyu ne na abu guda. Amma kiran sauya(a) ba zai taɓa shi ba, domin sunan j kawai aka ɗaura wa sabon jeri. Wanda ya haddace rabon gida biyu zai ce na farko ainihi ne, na biyu kwafi, ke nan ya jingina wa harshe ɗaya ɗabi'u biyu masu karo da juna.

4.0 Kammalawa

Abin da ya sa batun ya dame mu shi ne ɗalibanmu na kwalejojin ilimi malaman gobe ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna ba da shawara a ci gaba da amfani da misalin musanya, amma a gabatar da adireshi kafin jeri. Sa'an nan a horar da ɗalibi ya riƙa yin tambaya biyu a kan kowane harshe: mene ne aka kwafa lokacin kira, kuma mene ne gurbi da ciko suka yi tarayya a kansa? Wanda ya amsa su zai iya faɗin sakamakon shiri tun kafin ya gwada shi a kwamfuta.