Biki Biyu a Mako Ɗaya

A 2024 Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ta faɗo ran Litinin. Litinin ɗin ƙarshen Agusta hutu ce a Ingila, kuma ita ce ranar da mutanen Karebiyan na nan Leeds suke fitowa da bikinsu na shekara. Namu taron sai aka sa shi Asabar mai zuwa, don a ranar aka samu ɗakin haya. Na halarci duka biyun, kuma tun lokacin akwai maganar da ke cina. Bari in faɗe ta ko da wasu za su ji haushina. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Bikin na Karebiyan ya samo asali ne a 1967, lokacin da Arthur France, ɗan tsibirin Nevis, ya haɗa kai da abokansa suka fara shi. Fareti ne da yake tashi daga filin shaƙatawa na Potternewton, ya ratsa titunan Chapeltown da Harehills, ya dawo inda ya taso. Akwai kiɗan gangunan ƙarfe, akwai manyan kayan ado na gashin tsuntsaye da aka ɗora a kan waya, wasu sun fi mai ɗauke da su tsawo. Na sani, wata shigar ba irin tamu ba ce, ni ma ina kau da kai. Amma idona ya fi tsayawa a kan masu rawayen riguna da ke tafe a gefen layi: mai riƙe da igiya, mai miƙa ruwa, mai janye yaron da ya gaji.

Gaskiya ne akwai 'yan sanda da ma'aikatan hukumar birni da ake biya. Sai dai kayan adon nan, da koya wa yara rawa, da raka su, yawanci aikin sa-kai ne. Wata abokiyar aikina a asibiti tana cikinsu. Tun watan Afrilu take zuwa ɗinki da manna duwatsu bayan ta tashi aiki, ko fam ɗaya ba a ba ta. Ta nuna mini takardar ƙungiyarsu a wayarta. Sunan kowa da aikinsa da lokacinsa: wance ruwa daga sha biyu zuwa biyu, wane ya karɓe ta, wance allura da zare da fil, saboda kayan da zai yage a hanya. Ina gani na gane ta, don irin jadawalin da muke bi ne a ɗakin marasa lafiya. Ba ka barin majinyaci sai ka miƙa shi hannun wani.

To, mu zo namu.

Zan fara da yabo, domin akwai abin yabo. Masu kiɗan ƙwarya sun yi ƙoƙari ƙwarai, har wata tsohuwa da aka kawo jinya ƙasar nan ta miƙe ta taka. Wasan kwaikwayon yara kuwa shi ne abu mafi kyau da na taɓa gani a taronmu. Labarin yarinya ce da aka miƙa wa waya ta gaida kakarta da ke gida, ta tsaya a "ina kwana", sauran duk ya ɓace mata. Kakar tana jero gaisuwa, ina gajiya, yaya sanyi, yaya karatu, yarinya tana cewa "lafiya" kawai tana kallon uwarta. An yi dariya, daga baya ɗakin ya yi tsit, don kowa ya ga gidansa. Aibin wasan ɗaya ne: da aka gama sai aka sa wani yaro ya fito ya karanta mana darasin da ke ciki. Bai kamata ba. Shirun yarinyar nan ya riga ya faɗi komai.

Amma mutum nawa suka ga wasan? Katin gayyata ya ce ƙarfe biyu, ba a buɗe taro ba sai biyar, saboda babu wanda aka ɗora wa jera kujeru da gwada lasifika. Sannan aka shiga jawabai: shugaban taro, babban baƙo, uban taro, uwar taro, kowa da doguwar gabatarwarsa. Yara ba su hau dandali ba sai bayan tara. Masu jarirai sun tafi, masu shiga aikin dare sun tafi, ni ma saura kaɗan. An tsallake kacici-kacici da gaɗar 'yan mata gaba ɗaya, domin hayar ɗakin ta ƙare ƙarfe goma.

Baiwar Allahn da ta tsara wasan, ta yi Asabar shida tana koya wa yaran nan, ba ta gan shi ba. Tana kicin tana tuyar masa. Na shiga na ce, "Yaya, bar tandar nan ki je ki ga yaranki." Ta ce, "In na bari wa zai karɓa?" A nan na lura da bayan hannunta, mai ya fallatsa mata har ya tashi. Na sa mata shi a ruwan famfo na minti ashirin kamar yadda ake yi wa ƙuna, na nemi akwatin agajin gaggawa, babu wanda ya san inda yake. Mata biyar ne suka yi girki, su suka raba, su suka wanke kuloli, su da samari uku suka kwashe kujeru. Da aka zo jawabin godiya an ambaci baƙi ɗaya bayan ɗaya da sarautunsu. Su kuwa aka dunƙule su a "sauran waɗanda suka taimaka".

Abin da ya fi ba ni haushi, mu ne fa masu gayya. A ƙauyenmu in mutum ya kira gayyar noma, ana sanin rana, ana sanin gona, kowa ya kama kunyarsa. Mai gayya ya tanadi fura da tuwo. Makaɗi kuwa mai fartanya yake wasawa, wanda gumi ya jiƙe, har na bayansa ya ji zuciya ya ƙara ƙaimi. Da muka zo Turai sai muka juya kirarin ya koma kan wanda ke zaune a babban tebur.

Ba na yarda da masu cewa mutanenmu ƙyuya gare su. Na san irin aikin da suke yi: kwana a gidajen kula da tsofaffi, tuƙin tasi, ɗaukar kaya a sito. Wanda ya kwana a tsaye ba zai iya ba ka yini guda ba, amma zai ba ka awa biyu in ka gaya masa waɗanne awa biyu ne, da abin da zai yi a cikinsu. "Jama'a a taimaka don Allah" da ake turawa a zauren WhatsApp ba rabon aiki ba ne. Kowa zai amsa da "in sha Allahu", ya ɗauka wani zai je. Ƙarshenta aikin ya faɗa kan masu jin nauyin cewa a'a, kuma shekara uku ta ishe su su gaji su daina zuwa. Ranar da matan nan biyar suka daina, taron ya mutu, ko da babban baƙo ya taso daga ina.

Ni ma ban fita ba. Ƙarfe huɗu na iso, na ci leshi na kafa ɗauri, na zauna ina ƙorafin an makara, alhali ban ɗaga kujera ko ɗaya ba.

Don haka na kai sunana ga kwamiti. Akwatin agaji na ɗauka, jadawali ma ni zan rubuta, tunda kullum da shi nake aiki. Na roƙi abu uku: jawabi kada ya wuce biyu, yara su hau dandali kafin magariba, a kuma karanta sunan duk wanda ya yi aiki kafin a karanta na baƙi. Na huɗun ban roƙa ba, sa shi na yi a takarda da hannuna. Daga ƙarfe shida zuwa bakwai ni ce a kan tanda, Yaya kuma tana layin gaba.