Wa Ya Yi Rawar, Wa Ya Biya Mai Zane?

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a unguwar nan ya san yadda ake yi: da mai kalangu ya saki kiɗa, sai wayoyi su tashi sama. Gobe bidiyo ya zaga gari, kowa ya san sunan mai biki, amma yarinyar da ta cashe har aka yi mata liƙi, ba mai tambayar ko 'yar gidan wa ce. To, ashe abin tsoho ne.

Mu fara da Masar. Wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, an zana hoton wata walima a bangon kabarin Nebamun, magatakarda mai lissafin hatsi a birnin Tibis. Guntayen bangon suna gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Mata makaɗa na zaune, ɗaya na busa tagwayen sarewa, sauran na tafi, ga 'yan mata biyu sun ranƙwafa suna rawa, yatsu a sarƙe. Gaskiya aikin ya yi kyau. Mai zanen har ya juyo da fuskar biyu daga cikin makaɗan suna kallonka, abin da Misirawa ba su cika yi ba, don su daga gefe suke zana fuska. Amma baƙi sun sha ado da farin lilin, masu rawar kuwa kusan ba sutura, kuma sunan maigida kaɗai ake kiran zanen da shi.

Bruegel na ƙasar Beljiyam ta yau ya fi burge ni. A zanensa na rawar biki na 1566, manoma sun cika fili maƙil, ƙafa a sama, kamar ka ji ƙasa na girgiza. Sai dai masu sayen irin wannan zane attajiran birni ne, ba manoman ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne Faransa. Degas ya shafe rayuwarsa yana zana 'yan matan rawar bale a Paris, yawancinsu 'ya'yan talakawa. A wasu zanukan za ka hango mutum da baƙar kwat a raɓe gefen dandali. Masu kuɗi ne da ake bari su shiga bayan labule. A 1881 ya baje mutum-mutumin kakin zuma na wata 'yar shekara 14, Marie van Goethem, 'yar mai wankau. Masu sharhi suka ce mummuna ce, wasu har da kwatanta ta da biri. A 1882 gidan rawar ya kore ta saboda fashin zuwa atisaye. Yau mutum-mutumin na Washinton ana layin kallonsa. Ita dai an san sunanta, kuma na yaba wa Degas da bai ɓoye gajiyar yaran ba: ga mai hamma, ga mai murza ƙafa.

Akwai kuma wadda aka laƙaba wa rawar. A 1926 aka tono wata 'yar tagulla a Mohenjo-daro da ke Pakistan ta yau, tsawonta bai kai santimita 11 ba, shekarunta sun kai wajen 4,000. Masu bincike na zamanin mulkin Ingila suka sa mata suna "yarinya mai rawa". Na duba hotonta sau da yawa. Hannun hagu cike da awarwaro, na dama a ƙugu, haɓa a ɗage. Ni dai tsayuwar mai jiran a ba ta amsa na gani.