Digirin Shata da Makomar Ɗan Makaɗi: Tsokaci Kan Nazarin Waƙar Baka

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, muka yi murna. Amma tambayar da ya kamata manazarta su yi ita ce: da yaron Shata mai kaɗa kalangu zai nemi shiga jami'a don ya karanci sana'arsa, wane sashe zai karɓe shi?

Ba mu ce malamanmu sun yi barci ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shimfiɗa wa ɗalibai hanyar fito da turke da tubalan gininsa da salo. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a Sakkwato da Kano da Zariya waƙar baka ta sami masauki ne a sashen harsuna. Ɗalibi zai juye waƙa daga kaset zuwa takarda, ya feɗe kalmominta, kiɗan kuwa ya sallame shi da 'yan layuka. Alhali Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana bin hawa da saukar murya har ya kira sunan mutum da kirarinsa. Wanda ya bar ganga a waje, rabin waƙar ya nazarta. Abin lura, mafi shaharar ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa baƙi ne suka wallafa shi a 1971, wato David Ames da Anthony King.

A kudu kuwa, Jami'ar Nsukka ta fara koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960. Fela ma Landan ya tafi a 1958 ya karanci kiɗa. Mai irin wannan ilimi yakan zama malamin makaranta, ko mai shirya shirye-shirye a gidan rediyo, ko mai tsara sautin fim, ko jagoran badujala, ko mai adana muryoyi a gidan tarihi.

Mu a ƙasar Yauri asarar ta fi taɓa mu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane. Waƙoƙin Gungawa na tuƙin jirgi, da kiɗan Sarkawa, da na bikin Rigata, a bakin tsofaffi suke daga Ngaski zuwa Shanga. Kalmomin ana iya rubuta su. Amon da ke tafiya da bugun filafili fa, wa zai rubuta shi? Haka gidan Ɗandawo, Aliyu da ɗansa Sani: faifai ya adana muryarsu, amma faifai ba ya koyar da hannu.

Mun san tushen matsalar. Muna yi wa makaɗi liƙi a fili, mu kira shi maroƙi a zaure, mu hana shi 'yarmu. Iyaye ba za su tura ɗa karatun abin da suka raina ba.

Shawararmu ga matasan marubuta: duk wanda zai yi sharhin waƙa, ya zauna da makaɗan, ya tambayi sunan kowane kiɗa da lokacin yinsa, ya ɗauki sautin, ya rubuta. Hukumomin jami'a kuma su buɗe wa ganga ƙofar da suka buɗe wa baiti, tun masu ita suna raye.