Mai Riwaya da Hasken Tsohuwar Mota

Ranar Lahadi, idan kasuwar Ɗambatta ta watse bayan magariba, titin da ya taso daga Kano ya nufi Kazaure da Daura yakan cika maƙil: manyan motocin shanu, babura ɗauke da buhuna, amalanken da ba shi da ko ƙwan fitila ɗaya, ga masu tafiya a ƙasa a bakin kwalta. A cikin wannan cunkoso ne tsofaffin motocin da ke riƙe da sufurin karkara suke kutsawa, su Golf da J5 da Hiace, da ragowar Fijo 504 na kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Da yawansu injinsu lafiya lau yake. Abin da ya gaza shi ne fitila. Ta yi ja, ba ta kai ko'ina, kuma idan hazon hunturu ya sauka, sai direba ya kusa taka abu kafin ya gan shi.

Maganin da aka fi rugawa gare shi shi ne sayen ƙwai mai ƙarfi. A cire na asali mai wat 60 da 55, a sa mai wat 100 da 90. Kwana kaɗan sai soket ya narke, makunni ya fara ɗaukar zafi, warin ƙonanniyar roba ya riƙa tashi daga ƙarƙashin sitiyari. Gwanin mai riwaya ba ya farawa ta nan. Idan direba ya ce masa, "Maigida, a canza min ƙwai," amsarsa ita ce, "Alhaji, tayar da motar tukuna, mu auna."

Awon nan shi ne rabin sana'ar. Inji na aiki, fitila a kunne, sai ya ɗora mita a kan batir, ya ga bolt 14 ko kusa da haka, abin da altaneta mai lafiya ke bayarwa. Ya koma bayan ƙwan fitila ya sake aunawa. A tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne ya tarar da bolt 12 ko ƙasa da haka. To, ina ragowar ta shiga? Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Thomas ya san amsar: ruwan da aka sako daga dam ba shi ne ke isa fangalin ƙarshe ba, doguwar hanya da tsagewar magudana sun sha rabonsu. A motocin da, wuta takan tashi daga batir ta ratsa cikin mota, ta bi ta akwatin fiyus, ta shiga makunnin fitila, ta wuce ta sandar dim da ful, sannan ta sake fitowa ta nufi gaba. Wayar siririya ce tun asali. Shekaru 30 na zafi da ƙura da damina sun sa kowace mahaɗa ta yi tsatsa, kuma kowace tsatsa tana mayar da wani ɓangare na wutar zafi a banza.

Asarar ta fi yadda ake zato, domin ƙwan fitila mai zare ba ya yafiya. Idan ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske kan ragu da kusan kashi 30. Ke nan motar da ke zubar da bolt 2 a hanya ta rasa fiye da sulusin haskenta, alhali ƙwan da batirin duk kalau suke.

Nan ne rile ke shigowa, ɗan akwatin nan baƙi mai ƙafa huɗu ko biyar da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da duk shagon kayan wutar mota. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya. Da 'yar wuta ta ratsa naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan ƙarfe, ya haɗa hanyar babbar wuta. Wannan ce ƙarar "ƙas" da ake ji. Ƙwai biyu na fitila suna jan kusan amfiya 10, naɗin rile kuwa bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Saboda haka mai riwaya yakan sauke wa tsohon makunni kayan da ya yi shekaru yana ɗauka, ya bar masa aikin ba da umarni kawai, ita kuma babbar wutar ya buɗe mata gajeriyar hanya mai kauri daga batir kai tsaye zuwa fitila.

Lambobin da ke jikin ƙafafun rile tsarin Jamusawa ne, kuma yaron shago yakan haddace su tun kafin a bar shi ya taɓa motar mutane. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga batir. Ta 87 ita ke kai ta ga ƙwai. Ta 86 ana haɗa ta da tsohuwar wayar da ke zuwa daga makunni, ta 85 kuma a ɗaure ta a jikin mota. Ana sa rile biyu, ɗaya na dim, ɗaya na ful, kowanne da fiyus ɗinsa, don idan ɗaya ya mutu a tsakiyar daji kada mota ta makance gaba ɗaya.

Zanen kowa na iya koyonsa a yini guda. Gwaninta tana cikin ƙananan abubuwan da ba a gani. Gwani yakan cire kan batir kafin ya yanka komai. Yakan sa fiyus dab da batir, domin duk tsawon wayar da ke tsakaninsu ba ta da kariya, kuma idan ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Yakan kankare bakin sabuwar waya da wuƙa ya duba, saboda kasuwa cike take da alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Idan cikin ya fito fari, sai ya ajiye ta. Ba ya murɗa waya biyu ya naɗe da salatef ya ce an gama. Yakan matse kan waya da kyau ko ya liƙe da dalma, ya bi da ita nesa da zafin inji da fanka, ya kafa rile ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwan sama ko na wanki ya kwanta a ciki. Ba ya mantawa da hanyar komawar wuta: yakan ja sabuwar waya gajeriya daga kowane ƙwai, ya kankare fenti har sai ƙarfe ya yi ƙyalli, sannan ya ɗaure. Sau da yawa rabin asarar a nan take ɓoye.

Ya kuma san motoci ba halinsu ɗaya ba. Tsofaffin Toyota da yawa makunninsu ba wuta yake bayarwa ba, hanyar komawa jikin mota yake buɗewa da rufewa. Wanda ya haɗa musu rile da ka, yadda ya saba yi wa Fijo, zai ga fitila ta ƙi kamawa, ko dim da ful su rikice. Shi ya sa gwani ke bin kowace waya da testa kafin ya taɓa ta.

Idan ya gama, mita ce shaida. Tazarar da ke tsakanin batir da ƙwai takan dawo ƙasa da rabin bolt, hasken ya tashi daga ja ya koma fari, da ƙwan nan dai da direba ya zo a jefar. Amma ba ya sallamar mota a nan. Yakan fuskantar da ita bango a wuri mai shimfiɗa, ya saita fitilun yadda dim zai sauka a kan titi. Fitilar da ta ƙara ƙarfi ba a saita ta ba, idon direban da ke tahowa za ta kashe, kuma a kan titin da ake gwamutsuwa da babura da dabbobi, makantar da na gabanka haɗarinka ne kai ma.

Abin da ya fi burge ni ga irin wannan mutum shi ne faɗin gaskiya a kan iyakar aikinsa. Zai gaya maka cewa ƙwan da ke samun cikakkiyar wuta ba zai kai tsawon ran wanda ke ci da rabi ba, don haka ka ajiye na ko-ta-kwana. Zai ce maka rile ba ya gyara gilashin da ya dushe ko madubin cikin fitila da ya ɓare. Idan kuma motarka ta zamani ce, wadda kwamfuta ke kula da fitilunta, zai ce a bar ta yadda take.

Mutanen karkara ba sa canza mota don ta tsufa, lallaɓa ta suke yi, kuma rayuka da yawa suna rataye a kan ingancin wannan lallaɓawa. Duk direban da fitilarsa ta yi ja, kafin ya kashe kuɗi a kan babban ƙwai, ya nemi mai riwayar da ke da mita, ya ce a auna masa a gabansa: nawa ne a batir, nawa ne a ƙwai. Wanda ya ɗauko mita ba tare da gardama ba, ya nuna maka lambobin biyu, shi ne za ka ba wa motarka.