Fim Ɗin Leƙen Asiri: Wa Za Mu Ba Waƙar Buɗewa?

Kwanan baya, bayan sallar Isha'i, muka tarar gardama ta kaure a teburin mai shayi na bakin titin Bida, tsakanin yaranmu na kasuwa da wasu ɗaliban jami'ar Gidan Kwano masu haya a nan Garatu. Mun ɗauka ƙwallo ce, ashe wai a kan James Bond ake. Tun watan Fabrairun 2025 da kamfanin Amazon ya karɓi ragamar finafinan wannan ɗan leƙen asirin Ingila, mutane ke ta cacar baki a kan wanda zai rera waƙar buɗe fim na gaba. Can sai wani yaro ya ce, to mu fa? Da 'yan Kannywood za su yi namu fim ɗin leƙen asiri mai dogon zango, wane mawaƙi za a ba? Nan take teburin ya rabu. Wasu suka ce Rarara, wasu Gwanja, wasu Breaker, wasu kuma suka ce in ba Sarkin Waƙa ba a bar maganar. Mun sha shayinmu mun tafi, amma maganar ta bi mu har gida.

Ba hukuncin kiɗa muka zo bayarwa ba, wannan yana da wurinsa da malamansa. Abin da muka sani shi ne, waƙar fim tana shiga gidajenmu ko mun so ko ba mu so ba. Fim ya ƙare a manta da shi, waƙarsa kuwa tana nan a wayar ɗan acaɓa da bakin yarinya mai talla. Don haka wanda aka ba waƙar, an ba shi kunnen 'ya'yanmu ne.

Bari mu fara da yadda su masu abin suke yi. Fim ɗin Bond na farko, Dr. No, ya fito a 1962, kuma zuwa 2021 kamfanin da ya fara su ya yi guda 25. Kusan kowanne da waƙarsa da mawaƙinsa. Shirley Bassey ce kaɗai ta yi uku: Goldfinger a 1964, Diamonds Are Forever a 1971, da Moonraker a 1979. Na baya-bayan nan guda uku, wato Adele a Skyfall (2012), Sam Smith a Spectre (2015) da Billie Eilish a No Time to Die (2021), duk sun ci kyautar Oscar. Wanda ya saurari waɗannan ukun, ko bai jin Turanci, zai ji cewa ba waƙar murna ba ce. Murya ce a ƙasa-ƙasa, mai nauyi, kamar ta wanda ya san wani abu amma ba zai faɗa ba. Kuma suna bai isa ya sa a karɓi waƙa ba: ƙungiyar Radiohead, duk da shahararta, ta yi wa Spectre waƙa, masu fim suka ajiye ta suka ɗauki ta Sam Smith. Labari ne ke zaɓar murya.

A wurinmu, abin da ya fi kusa da irin wannan fim shi ne Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda ya fara a 2019, inda aka nuna jihar Alfawa da gwamna Bawa Maikada, da 'yan jarida masu tono asirin gidan gwamnati, da masu saye da sayar da sirri. Farin jinin da ya yi ya nuna cewa mutanenmu za su zauna su kalli labarin makirci ko da ba rawa a cikin lambu. Ke nan tambayar yaron nan ba ta banza ba ce, wata rana za a yi fim ɗin.

To, wane ne ɗan leƙen asiri a wurin mutumin jihar Neja? Ba Bature mai kwat da mota mai harbi ba ne. Mu wanda muka sani shi ne infoma. Mun ga abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021, mun ga na Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina a ƙarshen Mayun shekarar, inda ƙananan yara suka yi kusan wata uku a daji. Duk lokacin da irin wannan ta faru, tambayar da ke bakin kowa ɗaya ce: wa ya nuna musu hanya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗaya gefen kuma akwai bawan Allah da ke shiga daji da ransa a hannu don ya kawo labarin da zai ceci ƙauye, ya dawo ba wanda ya san shi, ya mutu ba a yi masa ko sanarwa. Aikin su biyun kala ɗaya ne, amana ce ta raba su. Waƙar da ba ta iya nuna wannan bambanci ba, ba ta dace da fim ɗin ba.

Da wannan ma'auni bari mu auna mutanen da aka ambata.

Dauda Kahutu Rarara gwani ne, ba mai musu. Ya iya kama kunne, ya iya sa taro ya motsa. Amma sana'arsa kiran suna ce: a yabi wane ɗan wane, a yi wa wane zambo har a gane shi. Ɗan leƙen asiri kuwa sana'arsa ɓoye suna. Mutumin da aka yi wa kirari a bainar jama'a, ai aikinsa ya ƙare. Kuma duk fim ɗin da muryar Rarara ta buɗe, rabin masu kallo za su fara tambayar wace jam'iyya ce ta biya.

Ado Gwanja ya riƙe gidan biki, Warr da Chass sun isa shaida. Sai dai kiɗansa ƙafa yake fara kamawa kafin zuciya. Ba ma so a nuna mutum yana sayar da maƙwabcinsa, yara kuma suna rawa a tsakar gida.

Hamisu Breaker da Umar M. Shareef muryar soyayya ce da su, mai taushi. Jarumar Mata ta Breaker ta zaga ko'ina a 2020. In an ba su, cikin baiti uku za su mai da jami'in sirri saurayi mai begen budurwa, mu koma gidan jiya. Wannan ita ce tsohuwar cutar finafinanmu: ko labarin yaƙi ne sai an ɓullo da soyayya ta cinye shi.

Naziru Sarkin Waƙa shi ya fi ba mu wahalar yanke hukunci. Waƙoƙinsa a Labarina na Aminu Saira sun nuna cewa murya ɗaya tana iya riƙe fim mai dogon zango, har mutum ya ji ta daga shagon maƙwabci ya san an fara. Yana da nauyi, yana da Hausa. Amma muryarsa ta fada ce, ta tambari da algaita, mai cewa ga mai iko nan tafe, a kauce. Mu da za a tambaye mu, Naziru za mu ba waƙar babban maƙiyi, ogan da ke zaune a falo yana aika yara daji. A nan izzar muryarsa za ta yi aiki, mai kallo ya ji tsoro.

Akwai wani haɗari da tsofaffinmu suka sani, yara ba su sani ba. Hausa ta daɗe da mawaƙan maza: Ɗan Anace na 'yan dambe, Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, da Gambu mai waƙar ɓarayi. Waƙar zuga tana da ƙarfin da za ta sa matsoraci ya ji shi namiji ne. A dandalin dambe wannan ba laifi, Shago ya san da wa zai kara, kuma gaba da gaba ne. Amma in aka ɗauki irin wannan zuga aka ɗora wa mai bindiga da mai aikin dare, yaro ba zai tsaya tantance na gwamnati ne ko na daji ba. Bindigar zai gani, kirarin zai haddace.

Wanda ya yi Islamiyya ya san labarin Huzaifa ɗan Yamani a yaƙin Khandaƙ. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aike shi cikin dare da sanyi da iska ya dubo halin rundunar abokan gaba, ya kuma hana shi tayar da komai. Ya shiga har ya ga Abu Sufyan a inda kibiyarsa za ta kai, ya tuna umarni, ya riƙe hannunsa, ya dawo da labari. Jarumtar wannan aiki ke nan, kame kai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Waƙar da za ta dace da irin wannan mutum dole ita ma ta iya kame kanta.

Shi ya sa, da Ɗan Maraya Jos yana raye, da ba mu tsaya gardama ba. Allah Ya yi masa rasuwa a 2015. Mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, yana ba ka labarin talaka kamar ku biyu ne a zaure. Kaɗaicin da ke cikin wannan sauti shi ne kaɗaicin mai riƙe da sirri.

A cikin masu rai kuwa, ga zaɓinmu. Kalmomin a ba Aminu Ala. Marubucin littattafai ne kafin waƙa ta fito da shi, ya san yadda ake gina labari, ya san yadda ake faɗin rabi a bar wa mai sauraro rabi. Sharaɗi ɗaya za a kafa masa: minti uku, ba goma sha biyar ba. Murya kuma a ba Nura M. Inuwa. Duk da shi ma a soyayya ya yi suna, waƙoƙinsa na rabuwa da maraici da butulci sun nuna ya iya baƙin ciki ba tare da ihu ba. Kiɗan kuma a rage na kwamfuta, a nemo mai kuntigi ko mai gurmi a zaunar da shi a situdiyo. In an zo zango na biyu a sauya, kamar yadda masu Bond ke yi. A ba mace irin Fati Nijar ta rera daga bakin matar da mijinta ke fita da dare, ba ta san ko mai tsaron gari take aure ba ko mai sayar da shi.

Mun san yaran teburin mai shayi za su ce zaɓin tsofaffi ne, ba zai yi tashe a TikTok ba. Wataƙila. Amma Billie Eilish tana da shekara 18 aka saki tata, kuma a hankali ta yi ta, kusan da raɗa, duniya ta saurara. Mu 'yan kasuwa ne, mun san kayan da ake wa shela da yawa ba lallai su fi auki ba. Wanda ya ga ba haka ba, ya same mu a shago bayan La'asar, ya zo da hujjarsa, shayin a kanmu. Allah Ya tona asirin masu cin amanar jama'a, Ya tsare masu tsare mu, Ya zaunar da jiharmu lafiya.