Muna Jiran Sabon Amokachi, Mun Bar Filin da Zai Fito

Da zarar watan Agusta ya kama, hirar ƙwallo a unguwar Abakpa ta Kaduna takan tattara ta koma kan mutum ɗaya. A teburin mai shayi, a majalisar bayan Isha'i, a gidan kallo inda janareto ke ruri matasa na jere kan benci, zancen shi ne wane ya sauya kulob, wane aka saya da maƙudan kuɗi, kuma bana shi zai ɗauko mana kofi. Ba a buga wasa ko ɗaya ba, amma rigarsa mai lamba a baya ta riga ta cika kasuwa, yara har sun fara yin askinsa. Idan aka leƙa wajen manya kuma, sai ka ji ana ajiyar zuciya ana tambayar yaushe Kaduna za ta sake haifar irin Amokachi. Wannan jiran gwarzo ɗaya ya ishe ni, domin ya zame mana uzurin ƙin kula da wurin da gwaraza ke tsirowa, wato filin makaranta.

Masu tuna baya ba su yi ƙarya ba, kuma ba zan rage musu komai ba. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996, Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2, kuma biyu daga cikin ƙwallayen nan uku 'yan Kaduna ne suka zura su: Celestine Babayaro da Daniel Amokachi. A cikin tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da mai tsaron raga Emmanuel Babayaro, duk haifaffun garin nan. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, a Kaduna aka haife shi, kuma a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara. To, a tsaya a yi lissafi. Mutum biyar daga gari ɗaya a tawaga ɗaya ba sa'a ba ce, ba kuma ruwa aka yi daga sama suka faɗo ba. Gari ne da ƙwallo ke da matakala: unguwa, makaranta, kulob ɗin masana'anta, sannan babban fili. Mu muna haddace sunayen waɗanda suka kai ƙololuwa, mun manta matakalar da suka taka.

Ko Amokachin da ake ta ambato, ai ba shi ya ƙirƙiri Ranchers Bees ta Kaduna, kulob ɗin da ya taso a cikinsa, ba. Ƙungiya ce mai ƙarfin da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta yi nasara a kanta, sannan ta ɗauki kofin WAFU na Yammacin Afirka a 1989. Cikin irin wannan gida matashi ya samu inda zai nuna kansa, har kocin Najeriya na lokacin, Clemens Westerhof, ya gan shi, har ya wuce Club Brugge a 1990. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabtanmu na Kano ma shaida ne. Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana Kano Pillars, ya tafi Holan a 2010, amma kofunan gasar ƙasa uku a jere, na 2012 da 2013 da 2014, bayan tafiyarsa suka zo. Kaduna United kuwa da ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, bayan ta kayar da Enyimba a bugun fenariti, ba wani shahararre ɗaya ne ya goya ta ba. Tarihin da muke taƙama da shi, idan aka karanta shi da kyau, yana ƙaryata ɗabi'armu ta yau.

Yanzu a je a duba filin makarantar sakandare da yamma, a nan Abakpa ko Unguwar Shanu ko Kawo ko Badarawa. A wurare da yawa turakun raga sun yi tsatsa, ɗaya ya karkace, ciyawar damina ta kai gwiwa, awaki na kiwo a inda ya kamata a ce da'irar tsakiya take. Wani filin an gina azuzuwa a rabinsa, wani kuma makarantar kuɗi ce da aka buɗe a gidan haya, ko wurin fareti babu. Yaran ba su daina wasa ba. Suna nan a lungu, sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, suna ɗauke ƙwallo duk lokacin da ɗan acaɓa zai wuce. A cikinsu akwai mai ƙafar hagu da za ta sa ka tsaya ka manta inda za ka. Amma wa ya rubuta sunansa? Wace gasa zai buga da za ta gwada shi da tsaransa na Tudun Wada ko Zariya? Mutumin da ya san albashin ɗan wasan Ingila na mako har da sulalla bai san ko makarantar da ɗansa ke zuwa tana da ƙungiyar ƙwallo ba. Wannan shi ne ciwon.

Abin da gasar makarantu ke bayarwa ya wuce fitar da gwani. Tana ba mutum ƙungiyar da babu wanda zai raba shi da ita. Ɗan wasan da kake so a Turai gobe zai iya sa rigar abokan hamayya, amma tsohon ɗalibin Rimi College ko Sardauna Memorial ko Barewa har ya yi furfura ɗan makarantarsa ne. Amurkawa sun gane wannan tuntuni: ƙwallonsu ta jami'o'i, wadda ake runguma da hannu, tana cika filayen da wasu ke ɗaukar mutum sama da dubu ɗari, kuma yawancin masu cika su ɗalibai ne da tsofaffin ɗalibai da mutanen gari. Su ma sukan yi ɗokin gwarzo kafin kaka, amma gwarzon nasu yana karatu a garinsu, suna ganinsa da ido. Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Akwai wasannin jami'o'i na NUGA tun 1966, akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai jami'ar jiha. Ɗalibai na nan, filaye na nan. 'Yan kallo ne suka ƙaura zuwa gaban talabijin.

Za a ce shahararren ɗan wasa ne ke jawo jama'a. Na yarda, dawowar Ahmed Musa Pillars a 2021 da kuma 2024 ta sa mutane da yawa sun waiwayi gasar gida, kuma ƙwallo biyun da Sadiq Umar, haifaffen Kaduna, ya ci Honduras a gasar Olamfik ta Rio ta 2016 sun faranta wa duk ɗan Kaduna rai. Sai dai ɗan kallon da ya zo saboda mutum ɗaya, ranar da mutumin ya tafi shi ma zai tafi. Za a kuma ce makarantun horar da ƙwallo masu zaman kansu sun toshe giɓin. Sun taimaka, amma burin yawancinsu shi ne su fitar da yaro ɗaya zuwa waje, kuma ɗan da ubansa ba shi da kuɗin takalmi da na mota ba ya cikin lissafi. Makaranta ce kaɗai ke tara ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ƙarƙashin riga ɗaya, kuma ko ƙwallo ba ta karɓi yaro ba, ya fita da takardarsa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. A fitar da jadawalin gasar sakandare tun farkon zangon karatu, a riƙe shi kowace shekara ba tare da jiran ranar siyasa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su yanke ciyawa, su sayi raga da ƙwallaye, su biya alƙalin wasa. A buga zagayen farko a filayen makarantu, na kusa da ƙarshe a Dandalin Murtala, na ƙarshe a filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da 2009. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma 'yan majalisa, daga cikin sa'o'in da muke kashewa kan cinikin 'yan wasan da ba su san sunan unguwarmu ba, mu ware yammacin Asabar ɗaya mu tsaya a bakin fili. Yaron da muke tambayar yaushe za a haife shi an daɗe da haihuwarsa. Yana can tsakanin duwatsu biyu, ƙwallo a hammata, yana jiran babur ya wuce.