Ƙarshen Duniya a Bakin Mawaƙan Majami'a

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji masu iya magana. Amma waƙar majami'a ba ta daɗewa a bakin mai ita. Mutum guda ya kan tsara ta a ɗakinsa, kafin shekara ta kewayo sai a ji ta a bakin dubban mutane waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wa'azin da aka yi ran Lahadi, kafin Laraba yawancin masu sauraro sun manta rabinsa. Waƙar da aka rera kuwa, ita ce mace za ta yi ta maimaitawa wajen daka, ita ce kuma za ta faɗo wa tsoho a kan gadon ajali. Saboda haka wanda ya ke so ya san abin da Kirista na wani zamani suka riƙe game da ƙarshen duniya, ya kamata ya kasa kunne ga waƙoƙinsu.

Kirista duka sun haɗu a kan abu uku: Yesu Almasihu zai dawo, za a ta da matattu, za a yi shari'a. Inda suka saɓa shi ne yadda al'amuran za su jeru. Littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, watau Wahayin Yahaya, wanda tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ta kira Ru'ya ta Yohanna, ya ambaci mulkin shekara dubu a sura ta 20. Tun zamanin Agustin, babban malamin nan na Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekara ta 430, ikilisiyoyi da yawa sun ɗauki shekara dubun nan misali ne na zamanin ikilisiya. Daga baya, wajen 1830, wani malami mai suna John Nelson Darby ya bazu da wata koyarwa a Ailan da Ingila. Ya ce farat ɗaya za a ɗauke masu bi daga duniya, abin da Kirista masu jin Hausa ke kira fyaucewa, sa'an nan a yi shekara bakwai ta babban tsanani, kana Almasihu ya bayyana ya yi mulki. Koyarwar ta yi saiwa a Amurka ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda aka buga a 1909.

Tsofaffin waƙoƙin Ingilishi ba su jin nauyin maganar ranar shari'a. A 1758 Charles Wesley ya buga waƙarsa ta dawowar Almasihu a kan gizagizai, wadda har yau a kan rera ta a makonni huɗu na gabanin Kirsimeti. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ta haɗa kuka da murna a fili guda. Waɗanda suka ƙi Almasihu suna makoki, waɗanda suka jira shi suna farin ciki, mai rerawa kuwa tilas ya tambayi kansa a wane sashe zai tsaya. Haka kuma bayi baƙar fata na Amurka suka cika waƙoƙinsu da busar ƙaho da tashin matattu. A wurinsu ranar shari'a albishir ce, gama ita ce ranar da ubangida da bawa za su tsaya a gaban Alƙali guda wanda ba ya karɓar toshi. Mai karatun da ya san waƙoƙin wa'azi na Hausa, irin su Infiraji ta Aliyu Namangi, ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin su ma tunatar da mutuwa da hisabi ne aikinsu.

Sai dai tsofaffin waƙoƙin nan ba duka ne suka kuɓuta daga aibu ba. A 1929 Albert Brumley ya soma tsara I'll Fly Away yana tsinkar auduga a gonar mahaifinsa a jihar Oklahoma, aka buga ta a 1932, lokacin da fatara ta rufe Amurka. Waƙar ta kwatanta duniya da kurkuku, mai bi kuwa da tsuntsun da zai tashi ya bar ta. Ba mai zargin manomin da rana ta gasa don ya yi marmarin hutu. Amma waƙar ba ta ce kome ba game da tashin jiki ko sabuwar duniya, alhali kuwa Wahayin Yahaya da kansa ya ƙare ne da birnin Allah yana saukowa wurin mutane. Wanda ya sha irin wannan waƙa kaɗai zai iya ɗauka cewa gyaran gona da gari ba aikinsa ba ne, tun da ya ke baƙo ne mai shirin tafiya.

Waƙoƙin sujada na zamani, masu jita da ganga da lasifika, an haife su ne cikin zafin jiran ƙarshen duniya. Kafa ƙasar Isra'ila a 1948, da yaƙin 1967 wanda ya sa gabashin Urushalima a hannunta, da tsoron bom na nukiliya, duka sun sa Kirista da yawa a Amurka suka ce alamu sun cika. A 1970 Hal Lindsey ya buga The Late Great Planet Earth, aka sayar da miliyoyi. A lokacin ne samari masu dogon gashi na Kalifoniya suka riƙa tuba suna shiga majami'a da kayan kiɗansu. Kamfanin faifan waƙa da majami'ar Calvary Chapel ta kafa musu a 1971, sunansa ma Maranatha, kalma ce ta harshen Aramiya mai roƙon Ubangiji ya zo.

Waƙar da ta fi kowace tsayawa a madadin wannan zamani ita ce ta Larry Norman ta 1969, I Wish We'd All Been Ready. Ta ɗauko misalin sura ta 24 ta Matiyu, na mutum biyu a wuri guda, a ɗauke ɗaya a bar ɗaya, ta sa shi cikin ɗakin miji da mata. Muryarta sanyi gare ta, kamar ta mai ta'aziyya, wannan kuwa shi ya ƙara mata kaifi. Ta wajen gwaninta ba ta da makusa: hotunanta a fili su ke, ba kalmar da aka sa don cika baiti. Amma ta wajen koyarwa ta karkata gefe guda. Dukanta a kan wanda aka bari ta ke, ba ta nuna murnar saduwa da Almasihu ba. Da aka sa ta cikin majigin A Thief in the Night a 1972, aka yi ta nuna shi a majami'u, yara da yawa suka tashi da fargaba. Waɗansunsu da suka girma sun ba da labarin yadda in sun komo gida suka tarar ba kowa, sai gabansu ya faɗi, su ce an ɗauke iyayensu an bar su. A 1976 Andraé Crouch ya fito da Soon and Very Soon, wadda ta ɗauki jiran nan da fara'a da tafi, ta zama kamar maganin waccan.

Daga nan sai iska ta juya. Dalili na fari, masu sa rana sun sha kunya. An buga wani ɗan littafi mai hujja 88 cewa fyaucewa za ta auku a 1988, shekarar ta wuce lafiya. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, rana ta fito ta faɗi yadda ta saba. Ba wannan ne farko ba, gama mabiyan William Miller sun ɗanɗana irinta tun 1844. In maciji ya sari mutum, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Mawaƙa da yawa suka bar maganar gaba ɗaya.

Dalili na biyu na koyarwa ne. George Ladd, malami a makarantar Fuller ta Kalifoniya, ya koyar cewa Mulkin Allah ya riga ya zo, amma bai cika ba tukuna. John Wimber na majami'un Vineyard ya ɗauki wannan, ya ƙarfafa cewa a kan ɗanɗana ikon Mulkin tun yanzu, cikin warkarwa da cikin sujada. Ladd ya riƙe igiyar ta baki biyu. Waɗanda suka biyo baya da yawa suka riƙe bakin "ya riga ya zo", suka saki na "tukuna".

Dalili na uku na kasuwa ne, shi ne kuma wanda ba a cika faɗa ba. Tun 1988 akwai wani kamfani a Amurka, CCLI, wanda majami'u ke biya don su sami izinin haska baitoci a allo. Su kan aika masa da sunayen waƙoƙin da suka rera, shi kuma ya raba kuɗi ga masu waƙa gwargwadon yawan rerawa. Watau waƙar da majami'u iri iri za su karɓa ita ce mai riba. Maganar fyaucewa da shekara dubu kuwa tana raba kan Kirista, saboda haka mai neman kasuwa mai faɗi sai ya kauce mata. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa waƙoƙin da suka fi tashe tsakanin 2010 da 2020, kusan dukansu suna da alaƙa da gidaje huɗu: Hillsong na Ostareliya, da Bethel da Elevation da Passion na Amurka. Waɗannan manyan taruka ne na dubban matasa cikin ɗakuna masu fitilu kala kala, waƙar da ta dace da su kuwa ita ce mai gajerun kalmomi, mai maimaici, mai hawa sannu sannu har jama'a su ji kamar sama ta buɗe. A 2016 Matthew Westerholm ya gwada irin waƙoƙin nan da tsofaffi, ya ga sababbin sun fi nanata abin da aka riga aka samu bisa abin da a ke jira.

Misali mai kyau shi ne Revelation Song ta Jennie Lee Riddle, wadda ta bazu wajen 2009. An gina ta a kan sura ta 4 da ta 5 na Wahayin Yahaya: kursiyi, da bakan gizo, da walƙiya, da halitta duka tana yabo. Waƙa ce mai kwarjini, karinta mai sauƙi ne, ta kuma juya idon mai sujada daga kansa zuwa ga Allah, abin da waƙoƙin zamani da yawa suka kasa yi. Amma littafin da ta ci sunansa sura 22 gare shi. Bayan kursiyin akwai hatimai da ƙahoni da yunwa da annoba. A sura ta 6 waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu suna tambaya sai yaushe za a bi musu hakkinsu. Wannan tambaya ba ta cikin waƙar, ba ta kuma cikin yawancin ƴan'uwanta. An ɗebi romo an bar ƙashi a tukunya.

Wani zai ce ina laifin waƙar murna? Ba ta da laifi in tana da abokiyar zama. Laifin yana bayyana ran da aka shiga majami'a da gawa. Waƙoƙin nan ba su tsaya a Amurka ba: wayar hannu ta kai su Jos da Kaduna da Yola, kamar yadda Way Maker ta Sinach ta tashi daga Nijeriya a 2015 ta shiga majami'un Turai da Amurka. To, a tuna da ikilisiyar EYN ta Borno da Adamawa, wadda yawancin ƴanmatan da aka sace a Cibok a 2014 ƴaƴanta ne. Uwar da ba ta san inda ƴarta ta ke ba, in aka ce ta rera cewa nasara ta riga ta cika, ko dai ta yi shiru, ko ta zargi kanta da ƙarancin bangaskiya. Abin da ta ke bukata shi ne waƙar da za ta yarda cewa duniya ba daidai ta ke ba tukuna, ta kuma tabbatar mata akwai ranar da za a daidaita ta. Majami'ar da ta daina rera shari'a ta hana wanda aka zalunta abin dogararsa, ta kuma bar azzalumi ya yi barci da minshari.

Akwai mawaƙan da suka gane wannan. Robin Mark na Belfast ya tsara Days of Elijah bayan ya ga labarin kashe-kashen Ruwanda na 1994, ya ambaci yunwa da duhu da takobi kafin ya kai ga busar ƙaho. Abin takaici, a wurare da yawa an mai da ita waƙar rawa, ba mai lura da baitocin farko. Wadda ta fi ta daidaito ita ce Is He Worthy ta Andrew Peterson, ta 2018. An tsara ta tambaya da amshi, kamar waƙoƙin Zumuntar Mata. Jagora ya kan fara sa jama'a su amsa da bakinsu cewa duniya ta lalace, halitta tana nishi, sa'an nan ya kai su ga littafin nan mai hatimi bakwai da wanda ya isa ya buɗe shi. Ba ta sa rana ba, ba ta tsorata yaro ba, ba ta kuma ce an riga an iso ba. Aibunta ƙarami ne: tana da ɗan tsawo, amshinta na ƙarshe kuma yana hawa sama fiye da muryar tsofaffi.

Ma'aunin da ya kamata mai zaɓen waƙar Lahadi ya riƙe ba mai wuya ba ne. Ya ɗauki waƙoƙin da majami'arsa ta rera cikin wata uku, ya ƙirga nawa ne suka ambaci tashin matattu, nawa suka ambaci shari'a, nawa ne gwauruwar da ta binne mijinta jiya za ta iya rerawa ba tare da ta yi ƙarya ba. In ya ga duka na tsoro ne, ya san yaransa za su tashi da fargaba. In ya ga duka na murna ne, ya san ran da masifa ta zo jama'arsa za su buɗe baki su rasa abin rerawa. Tsohon Littafin Waƙoƙi yana nan a kan benci, sababbin mawaƙa kuma suna da jita da hankali. Ba abin da ya hana a jera waƙar jira kusa da waƙar yabo cikin sujada guda.